Babi na Biyu: Samaniyar Lafiya, Daga Sandar Tsakar Gida Zuwa Kusufin 2034

Sau biyu a kowace shekara, mutumin da ya tsaya a sarari a garin Lafiya da tsakar rana yakan nemi inuwarsa ya rasa, domin ta tattara ta shige ƙarƙashin ƙafafunsa. Turakun wutar lantarki na bakin titin Shandam su tsaya babu baƙin zane a gefensu, bokitin da aka bari a tsakar gida ya zauna daram a kan tasa inuwar, wanda kuma ya leƙa rijiya ya hango rana tana ƙyalli a cikin ruwa can ƙasa. Ranakun su ne wajen 12 ga Afrilu da wajen 31 ga Agusta, lokacin kuwa ƙarfe 12:26 ko kusa da haka. A waɗannan mintoci rana tana saitin ƙoƙon kan mutanen Lafiya.

Da wannan nake son mu fara, saboda ina da ƙorafi a kan yadda ake koya wa yaranmu ilmin sararin samaniya. Akan ba su jerin sunaye su haddace, a zana musu da'irori a allo, su rubuta jarrabawa su ci, alhali ba a taɓa fitar da su waje an ce su ɗaga kai ba. Littattafai da yawa ma samaniyar wasu mutane suke bayani. Za ka karanta cewa da tsakar rana ana samun rana ne a kudu. Gaskiya ne ga mutumin Ingila, amma ga mutumin Lafiya, wata huɗu da rabi a kowace shekara rana ta arewacinsa take bi. Yaron da bai san samaniyar garinsu ba, duk abin da aka gaya masa game da samaniya ji ne kawai, kuma gani ya kori ji.

Kayan aikin farko ba su da tsada. Sami sanda miƙaƙƙiya, ka kafa ta a wuri mai shafe yadda mita ɗaya cif zai rage a sama. Ɗaure dutse a zare ka saki a gefenta, ka tabbatar ba ta karkace ba. Daga ƙarfe goma sha ɗaya, duk bayan minti goma ka ajiye tsakuwa a daidai bakin inuwar. Za ka ga tana gajarcewa, ta kai inda ta tsaya, sannan ta fara tsawo ta ɗaya ɓangaren. Wannan wurin juyawa shi ne zawali, wanda malaman fiƙihu suka sani tun kafin agogo ya zo: da inuwa ta fara ƙaruwa azahar ta shiga, idan ƙarin ya kai tsawon sandar kanta la'asar ta yi. Layin da ya taso daga gindin sanda zuwa tsakuwar da ta fi kusa shi ne layin kudu da arewa na gaskiya. A 22 ga Disamba inuwar zawali a Lafiya takan kai santimita 62, tana kwance wajen arewa. Daga nan ta yi ta raguwa har ta ƙare a Afrilu, ta ɓullo ta kudu, ta kai santimita 27 a 21 ga Yuni, ta juyo.

Me ya sa zawali bai faɗo a sha biyu daidai ba? Duniya ƙwallo ce mai juyawa daga yamma zuwa gabas, tana kammala juyi ɗaya a awa 24. Da'ira digiri 360 ce, ke nan kowace awa digiri 15, kowane digiri minti huɗu. An saita agogon Najeriya a kan layin digiri 15 na gabas, wanda ya bi ta birnin Njamena na ƙasar Chadi, Lafiya kuwa tana kan digiri takwas da rabi. Tazarar digiri shida da rabi ita ta ba mu jinkirin minti 26. Shi ne kuma dalilin da ya sa mai azumi a Maiduguri yake shan ruwa kafin na Lafiya, na Lafiya ya riga na Sakkwato. Zawalin kansa yakan yi gaba da baya cikin shekara, daga wajen 12:10 a farkon Nuwamba zuwa wajen 12:40 a tsakiyar Fabrairu. Kana zaune a kan tabarma ba ka jin komai, amma juyin nan yana tafiya da kai gabas da gudun kilomita 1,650 a awa.

Kai-komon inuwa tsakanin kudu da arewa kuwa daga wani motsi na biyu ya fito. Duniya tana kewaya rana sau ɗaya a kwana 365 da rubu'i, kuma a karkace take tafiya, karkatar digiri 23.4. Rabin shekara arewacinta ne yake fuskantar rana sosai, ɗaya rabin kudancinta. Ɗalibai da yawa suna ɗauka zafi yana zuwa ne idan muka matso kusa da rana. Lissafi bai yarda ba. A farkon Janairu muka fi kusa da ita, kilomita miliyan 147, lokacin da hunturu ya sa mutanen Lafiya jin ɗumi da safe. A farkon Yuli muka fi nisa, miliyan 152. Abin da ke aiki shi ne yadda hasken yake sauka, ko a tsaye ko a gicciye. Yayin da rana take hawowa arewa a Maris da Afrilu, ƙasa ta gasu, iska mai zafi ta tashi sama, iska mai laima ta taso daga tekun Atlantika ta maye gurbinta. Ta kudu take shigowa, shi ya sa manomin doya na Doma ko Obi yake ganin ruwa tun Afrilu, manomin gero na Katsina yana jira har Yuni. Tsawon yini a nan bai cika sauyawa ba, saboda kusancinmu da layin ikwaita wanda ya raba duniya biyu: awa 12 da minti 37 a Yuni, awa 11 da minti 37 a Disamba.

Akwai wani aiki da ɗaliban Lafiya za su iya yi wanda ba kowane gari ne ya sami damarsa ba. Kano da Lafiya a kan layi ɗaya suke daga kudu zuwa arewa, duka biyun a digiri takwas da rabi na gabas, saboda haka zawalinsu a minti ɗaya yake faɗuwa. A ranar 12 ga Afrilu, lokacin da sandar Lafiya ba ta da inuwa, a buga waya ga wata makaranta a Kano a ce su auna tasu. Za su sami kimanin santimita shida wajen arewa, wanda yake nuna rana ta kauce wa saitin kansu da digiri uku da rabi. Tsakanin garuruwan biyu, a miƙe ba ta hanyar mota ba, kilomita 390 ne. Idan digiri uku da rabi ya ci kilomita 390, digiri 360 zai ci kusan 40,000, kuma wannan shi ne kewayen duniya. Wani malamin ƙasar Girka mai suna Eratostinis ya yi irin wannan awo a Masar wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, tsakanin Iskandariya da garin da yanzu ake kira Aswan. Aji biyu da sanda biyu da katin waya sun isa a maimaita shi. Ina ganin yaron da ya auna duniya da hannunsa ba zai sake ɗaukar kimiyya a matsayin kayan wasu ba.

Sandar nan tana da wani amfanin. Ka'aba tana digiri 21.4 arewa da ikwaita, ita ma rana takan tsaya a saitinta sau biyu: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. Duk wanda ya fuskanci wajen da rana take a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla. Mai shirin gina masallaci a Lafiya ya gwada, zai tarar alƙiblar ta kauce wa gabas sak da kimanin digiri 27 zuwa arewa.

Idan dare ya yi

Ma'aunin dare a jikinka yake. Miƙe hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen ya rufe kimanin digiri goma na sama. Daga inda sama ta haɗu da ƙasa zuwa saitin kai dunƙule tara ne.

Fara da arewa. A farkon Mayu, daren da aka yi ruwa sama ta wanke, fita bayan gari inda babu fitilu wajen ƙarfe goma. Za ka ga taurari bakwai masu haske, huɗu sun yi kusurwa huɗu, uku sun ja wutsiya, waɗanda littattafan Larabci ke kira Banatu Na'ash. Ɗauki biyun da ke can ƙarshen kusurwar, nesa da wutsiya, ka ja layi ta kansu zuwa ƙasa, tsawon tazararsu sau biyar. Za ka faɗa kan wani tauraro marar haske sosai, bai kai dunƙule ɗaya daga ƙasa ba. Shi ne Tauraron Arewa. Duk sauran suna fitowa suna faɗuwa, shi yana nan inda yake, domin kan duniya na arewa shi ya saita. Tsayinsa daga ƙasa shi ne nisan garinku daga ikwaita: digiri takwas da rabi a Lafiya, 12 a Kano, 17 a Agadas, 51 da rabi a Landan. Matuƙan jiragen ruwa da shi suka riƙa sanin inda suke. A nan yana ƙasa ƙwarai, bishiyar mangwaro ɗaya ta isa ta tare shi, ƙurar hunturu kuma takan haɗiye shi ɗungum.

Yanzu juya ka ba shi baya. Dunƙule biyu daga ƙasa a kudu akwai taurari huɗu da suka yi gicciye, Gicciyen Kudu ke nan, a hagunsa kuma wasu biyu masu ƙyalli. Wanda ya fi haske a cikin biyun, Alfa Santori, shi da abokan tafiyarsa su ne taurari mafi kusa da ranarmu. Mutumin Landan ko Mosko ba zai taɓa ganin waɗannan daga garinsu ba, mutumin Afirka ta Kudu kuma ba ya ganin Tauraron Arewa. Ɗan Lafiya yana ganin duka biyu a dare ɗaya, juyawa kawai zai yi. Wannan arziki ne, kuma yawancinmu ba mu san muna da shi ba.

Samaniyar Janairu daban ce. Wajen ƙarfe goma akwai taurari uku a jere kusa da saitin kai. Bi layinsu ta kudu maso gabas, za ka iske Shi'ira, tauraron da ya fi kowane haske da dare, wanda aka ambaci sunansa a Suratun Najmi. Can ƙasa da shi a kudu ga Suhailu, na biyu a haske. Koma kan ukun ka bi ta ɗaya ɓangaren, ka wuce wani ja-ja mai suna Dabaran, sai ga Kaza da 'ya'yanta a cure wuri ɗaya. Mai ido sosai zai ƙirga shida ko bakwai, madubin hangen nesa ya nuna sun haura dubu. Dalilin da ya sa taurarin Janairu ba su ne na Mayu ba shi ne kewayen da muke yi wa rana: kowane dare tauraro yakan riga fitowarsa ta jiya da minti huɗu, a wata guda awa biyu ke nan. Kaza da ke sama da isha a Janairu, kafin Mayu ta shige hasken rana ta ɓace, sai a Yuni ta sake ɓullowa da asuba.

Da wannan malamanmu na zaure suka yi kalandar shekara. Sun raba hanyar da rana da wata ke bi gida 28, manzilai, wata yana kwana ɗaya a kowane, rana tana kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365. Kaza ita ce manzili na uku, Surayya. Har gobe akwai tsofaffin manoma a ƙasar Hausa da za su gaya maka an shiga Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa, su ce ga abin da ya kamata a yi a gona. Ilmi ne na lura da ƙirga, kuma ya cancanci girmamawa. Abu biyu dai nake so ɗalibi ya riƙe. Tauraro ba ya kawo ruwa, alama ce ta lokaci kawai, shi ya sa kalandar da ta dace da daminar Kano ba ta zauna daidai a kan ta Lafiya mai wata bakwai ba. Sannan ilmin falaki, wato sanin tafiyar rana da wata da taurari, hanyarsa daban da ta mai duba da ke cewa tauraronka ya nuna za ka yi arziki ko aurenka zai mutu. Na farko ana auna shi, kowa ya gwada ya ga ko daidai ne. Na biyu babu ma'aunin da ya taɓa tabbatar da shi.

Ba duk mai haske a sama ne tauraro ba. Taurari na gaskiya ranaku ne irin tamu, daga cikinsu haskensu yake fitowa, nisa ne ya ƙanƙantar da su, kuma suna ƙyaftawa. Akwai guda biyar da ido ke gani waɗanda haskensu a tsaye yake, suna kuma sauya wuri a tsakanin sauran daga wata zuwa wata. Waɗannan duniyoyi ne 'yan'uwan tamu, hasken rana suke mayarwa: Uɗaridu, Zuhura, Mirrihu mai ja, Mushtari babbansu, da Zuhalu mai zobe. Da tamu da wasu biyu da sai da madubi, takwas ke nan. Zuhura ce Bahaushe ya fi sani. Idan ta fito da asuba a gabas ya ce Gamzaki, idan ta bayyana da magariba kusa da jinjirin wata ya ce Zara matar wata, kuma abu ɗaya ne. Tana tsakaninmu da rana, ba ta nisa da ita fiye da digiri 47, don haka ba za ka taɓa ganinta da tsakar dare a saitin kai ba. Duk kyanta, zafin bayanta ya kai digiri 460 a ma'aunin Salshiyos. Ɗigon da kake gani yana tafiya a hankali bayan magariba ba ya ƙyaftawa kuwa tauraron ɗan'adam ne. Najeriya ta harba nata na farko, NigeriaSat-1, daga ƙasar Rasha a Satumban 2003.

Lambobin nisa sun fi ƙarfin tunani, sai an rage su. Ɗauki ƙwayar riɗi ɗaya, irin wanda ake aunawa a kasuwar Lafiya, ka ce ita ce duniya. A wannan ma'auni rana ƙwarya ce mai faɗin santimita 30, ajiye a nisan mita 32. Wata ɗan ɗigo ne, santimita takwas daga ƙwayar riɗin. Tauraro mafi kusa kuwa yana can a nisan kilomita 8,600, ya fi tafiya daga Lafiya zuwa Makka da dawowa. Saboda haka masana suke auna irin wannan nisa da tafiyar haske. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga wata zuwa nan bai cika daƙiƙa ɗaya da rabi ba, daga rana minti takwas da daƙiƙa 20, daga Alfa Santori shekara huɗu da 'yan watanni, daga Shi'ira shekara takwas da rabi. Hasken Kaza da zai shiga idonka a daren nan ya yi kimanin shekara 440 a hanya. Ya taso tun kafin Muhammadu Dunama ya kafa Lafiya.

Wata da ranar Litinin ɗin kusufin 2034

Wata ba shi da hasken kansa. Kullum rabinsa da ke fuskantar rana a haskake yake, abin da ke sauyawa shi ne yawan abin da muke hangowa daga wannan rabin. Gwada a ɗaki mai duhu: kunna tocila a ajiye, riƙe lemo a hannu, ka riƙa juyawa a hankali. Idan lemon yana tsakaninka da tocila, baƙin gefensa kake gani, duhun wata ke nan. Ka ɗan gusa, siririn haske ya bayyana a gefe, jinjiri ya tsaya. Idan ka ba tocila baya, lemon ya haskaka duka, daren goma sha huɗu. Zagayen yana cin kwana 29 da rabi, shi ya sa watan Musulunci yake yin 29 ko 30, shekarar ta zama kwana 354, azumi ya riƙa matsowa da kwana 11 har ya kewaye damina da rani cikin kimanin shekara 33. Jinjirin da bai kai awa 15 da rabuwa da saitin rana ba, da wuya ido ya kama shi. Wannan lissafi yana taimaka wa kwamitin ganin wata na ƙasa wajen tantance shaidu kafin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi sanarwa.

Da hanyar wata a shafe take da ta duniya, da kowane wata sai an yi kusufi. Ta karkace da digiri biyar, don haka yawanci yakan bi ta sama ko ta ƙasan saitin. Idan aka dace ukun suka jeru duniya tana tsakiya, inuwarmu ta faɗa kan wata, an yi husufin wata, kuma ba ya yiwuwa sai a tsakiyar wata. Na 27 ga Yuli 2018, wanda aka gani a Najeriya, ya yi awa ɗaya da minti 43 a rufe, mafi tsawo a wannan ƙarni. Jan da yake yi daga iskar duniya ne, wadda ke lanƙwasa jan haske ta jefa masa. Idan wata ne a tsakiya, inuwarsa ta faɗo mana, kusufin rana ke nan, shi kuma sai a ƙarshen wata. Rana ta fi wata faɗi sau 400, ta kuma fi shi nisa sau 400, sai girmansu ya zo ɗaya a ido, har ƙaramin ya iya rufe babbar ruf.

A da, idan wata ya yi zazzaɓi, yara kan fito da gwangwani da ganga suna roƙon rana ta sake shi. Wannan bai cuci kowa ba. Amma a Janairun 2001, da aka yi husufi, wasu matasa a Maiduguri sun fita sun ƙona otal-otal da mashaya, suna cewa zunubin mutane ne ya jawo. Abin yana damuna duk sanda na tuna, domin addinin da suka yi zaton suna karewa ya riga ya raba gardama. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu an yi kusufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar, sai ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kisfewa don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla da addu'a.

A ranar 29 ga Maris 2006 cikakkiyar inuwar wata ta bi ta Gusau da Katsina, mutanen Lafiya suka ga yanki kawai. Karo na gaba namu ne. Ranar Litinin 20 ga Maris 2034, a ƙarshen Zulhajjin 1455, in Allah ya kai mu, inuwa mai faɗin kimanin kilomita 150 za ta taso daga teku ta shigo ta Legas, ta bi ta Akure da Benin, ta rufe Makurɗi da Lafiya wajen ƙarfe goma da rabi na safe, ta wuce Chadi da Masar da Saudiyya. Abuja da Kano suna wajen layin. Sama da awa ɗaya kafin lokacin wata zai fara cin gefen rana. Haske zai dusashe, iska ta yi sanyi, kaji su nufi akurki. Sannan na kimanin minti uku rana za ta zama baƙin faifai kewaye da farin haske mai gashi-gashi, wato iskarta ta waje da ba a ganinta sai a irin wannan lokaci, Zara kuma ta fito da hantsi. Ko da hadari ko ƙura sun tare sama, duhun zai sauka.

Ba duba aka yi aka san wannan ba. Tun zamanin Babila masu lura suka gano cewa kusufi yana maimaituwa bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da awa takwas. Awa takwas ɗin ita ke sa duniya ta ƙara sulusin juyi, na gaba ya faɗa can yamma. Kusufin Katsina na 2006 ya dawo ranar 8 ga Afrilu 2024 a Meziko da Amurka da Kanada. Namu na 2034 kuwa magajin wanda aka yi a Indunusiya ne ranar 9 ga Maris 2016. Ɗauki alƙalami ka tara da kanka. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Uwar ɗiya a nan mu ne, kuma abin da na fi jin tsoro shi ne idanun yara. Kallon rana kai tsaye, ko da saura siririn yanki, yana ƙona bayan ido ba tare da an ji zafi ba, tabon kuma yana iya zama na har abada. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa. Gilashin da aka shafa wa hayaƙin fitila ba ya karewa, haka tsohon fim ɗin hoton asibiti, haka leƙa ruwa a kwano da iyayenmu kan yi. Abin da ke karewa shi ne tabarau na musamman da aka yi don kusufi, ko gilashin masu walda mai lamba 14. Wanda ba shi da su ya huda kwali da allura, ya ba rana baya, ya bar hasken ya sauka a kan farar takarda, zai ga surar rana tana raguwa. Rariya mai manyan huji ma ta yi, ƙarƙashin bishiya kuma kowane ɗigon haske da ya ratso ganye zai koma siffar lauje. A mintocin da rana ta rufe ruf ne kawai ake kallo da ido tsirara, da bakinta ya sake ɓullowa a kau da kai.

Yaron da aka haifa a 2020 zai kasance a ƙaramar sakandare a ranar. Malaman da za su tsaya da shi a fili suna karatu yanzu a Jami'ar Tarayya ta Lafiya, da Jami'ar Jihar Nasarawa a Keffi, da Kwalejin Ilimi ta Akwanga, kuma a can ya kamata shirin ya fara. Limamai su sami bayani da wuri, su sanar a huɗuba, su tsara sallar kisfewa yadda jama'a za su yi ibada su kuma tsare idanunsu. Gidajen rediyo su yi bayani da Hausa da Eggon da Alago da Tibi. Kowace makaranta ta tanadi kwalayenta da agogo ɗaya da aka saita daidai, ta sa ɗalibai su rubuta lokuta huɗu: sanda wata ya fara taɓa rana, sanda ya rufe ta, sanda ta ɓullo, da sanda ya sake ta gaba ɗaya. Idan makarantun Lafiya da Doma da Awe da Keana suka haɗa nasu, za su iya lissafa gudun inuwar da kansu.